Baba ya gaji da tuwon alkama da wake, me za mu riƙa dafa masa?

Ummu_Hanifa
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah shawara nake nema a kan mahaifina. Bayan ƙaramar sallah aka gano yana da ciwon suga, aka ɗora shi a kan magani. Tun daga lokacin cimarsa ta koma shayi ba suga da ƙosai da safe, wake da rana, tuwon alkama da dare. An hana shi shinkafa, an hana shi fura, an hana shi tuwon masara, hatta nama Umma ta ce kar a ba shi. Yanzu ya rame, rigunansa duk sun yi masa yawa, in an kai masa abinci sai ya ɗan taɓa ya ture. Abin da ya fi tayar mini da hankali, sugan bai sauka ba, in an auna da safe yana wuce 200. Jiya ƙanena da ke zama da shi a shago ya gaya mini cewa a kasuwa yana aikawa a sayo masa shinkafa da miya da lemo mai sanyi, ya kuma ce kar a faɗa a gida. Na kasa yi masa magana. Ku da kuka daɗe da ciwon nan, ko kuke jinyar wani, me kuke ci ne?

Alhaji_Gwammaja
Wa alaikumus salam. 'Yata, Allah ya ba mahaifinki lafiya. Na haura shekara goma da wannan lalura, kuma ina cin tuwon dawa, ina cin shinkafa, ina cin nama. Abin da ya canja shi ne yawan abin da ake zuba mini. Da malmala uku nake tashi da ita, yanzu ɗaya ce, ita ma 'yar madaidaiciya, sai miya mai yawa. Dattijon da aka ce kullum alkama da wake har ƙarshen rayuwarsa, ai dole ya nemi mafita a kasuwa. Kar ki ga laifinsa.

Maman_Walid
Allah ya ba shi lafiya. Amma gaskiya Alhaji ni abin da na sani shi ne mai suga ba ya cin farar shinkafa. Surukata haka aka gaya mata, alkama da acca kawai.

Nas_Binta
Ummu_Hanifa, kafin maganar girki, ki fara mayar da Baba wajen likitansa cikin makon nan. Mutum yana shan magani, yana ramewa, awon safe yana wuce 200, wannan yana nuna ko maganin ne bai isa ba ko ba a shan sa yadda ya kamata. Idan suga ya yi yawa a jini yakan bi fitsari ya fita, jiki kuma ya koma cin kitsensa da tsokarsa, shi ya sa ake ramewa ko da ana cin abinci. Ki tambayi likita a yi masa gwajin HbA1c, shi ne yake nuna yadda sugan ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce. Ga yawancin manya ana so ya zama ƙasa da kashi 7 cikin 100.

Sai maganar alkama. Maman_Walid, ki yi haƙuri, wannan magana ta yaɗu ƙwarai amma ta cutar da mutane da yawa. Alkama, dawa, gero, masara, acca, shinkafa, doya, rogo, duk sitaci ne, kuma duk jiki suga yake mayar da su. Akwai ɗan bambanci a saurin narkewa, musamman tsakanin hatsin da aka bar masa dusarsa da wanda aka surfe aka niƙa ya yi laushi. Amma malmala biyu manya ta tuwon alkama za su ɗaga suga fiye da ludayi ɗaya na shinkafa da aka ci da wake da ganye. Ina ganin marasa lafiya da suke cika kwano da alkama suna cewa ai abincin masu suga ne, sai a auna a ga abin ya haura.

Hanya mafi sauƙi da muke koyarwa: a ɗauki faranti madaidaici, rabinsa ganye (zogale, rama, alayyafo, kabeji, latas, kokwamba, yalo), kashi ɗaya cikin huɗu abin gina jiki (kifi, ƙwai, nama, kaza, awara), ragowar kashi ɗayan kuma tuwo ko shinkafa ko doya. Nama ba ya ɗaga suga, a cire kitsen kawai. Umma ta daina hana shi.

Maman_Walid
To fa. Wato duk kuɗin da muke kashewa a garin alkama... Allah ya kyauta. Na gode Nas.

Hajiyar_Jos
Ni dai ba zan bari a haɗa acca da farar shinkafa a kwando ɗaya ba. A nan Filato muke noma ta, kuma na ga amfaninta a jikin maigidana. Sai dai yadda ake dafa ta ne. In kika yi faten acca kika zuba rama ko yakuwa da alayyafo da yawa, da ɗan wake da busasshen kifi, ganyen ya fi accar yawa, mutum zai ƙoshi sosai kuma awo ya yi kyau. In kuwa kunun acca kika dama masa ya sha kofi biyu, ko babu suga a ciki sai ya hau. Haka dambu, ki sa zogale ya rinjayi tsakin.

Nas_Binta
Hajiya ai maganarmu ɗaya. Ganyen da waken su suka yi aikin, su suke rage saurin shigar suga cikin jini. Kuma kin taɓo abu mai muhimmanci: duk abin da aka dama aka sha, koko, kunu, fura, ya fi saurin ɗaga suga a kan wanda aka tauna.

Dan_Maradi
Salamu alaikum. Ina biye da ku amma lissafin ya ruɗe ni. Ku kuna cewa 200, mu nan Nijar takardar likita 1,80 ko 2,10 take nunawa. Tsohuwata an rubuta mata 1,65. Wane ne daidai?

Sadiq_Lab
Dan_Maradi, duk ɗaya ne, ma'aunin ne ya bambanta. Ku kuna amfani da g/L irin na Faransa, na'urorin da suka fi yawa a hannun mutane a Najeriya kuma mg/dL. Ka ninka naku sau 100, wato 1,65 shi ne 165. Wasu asibitocinmu kuma mmol/L suke rubutawa, shi sai ka ninka sau 18, misali 7.0 ya zama 126. Daga 126 zuwa sama a awon safe kafin a ci komai, in an maimaita an sake samu, shi ake kira ciwon suga. Wanda yake kan magani kuma yawanci ana so kafin cin abinci ya tsaya tsakanin 80 da 130, bayan cin abinci da awa biyu kar ya kai 180. Ga tsofaffi likita yakan sassauta, don haka a tambaye shi.

Dan_Maradi
Madalla, na gane. To hura fa? Mu nan hura ita ce abincin rana, tsohuwa ba ta iya wuni ba ta sha ba. In na hana ta me za ta ci?

Bakatsine
Fura da nono ai ba ta da matsala in ba a sa suga ba. Kakanninmu ita suka sha har suka mutu ba su san wani ciwon suga ba.

Alhaji_Gwammaja
Bakatsine, kakanninmu sun sha fura sun tafi gona sun yi noma daga hantsi zuwa azahar. Mu muna sha mu zauna a shago kan benci har magariba. Sannan da yawa sun yi ciwon ba a auna ba, sai a ce yawan fitsari ne ko wani miki ne ya ƙi warkewa. Dan_Maradi, ni ina shan fura amma ƙwallo ɗaya ƙarami, kindirmo ya fi yawa, babu suga babu zuma, kuma ranar da na sha ta zama ita ce abincin, ba na ƙara tuwo a kai. Ka gwada wa tsohuwa haka, ka auna ta bayan awa biyu, na'urar za ta gaya maka gaskiya.

Ummu_Hanifa
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Nas_Binta zan yi wa Yayanmu magana ya kai shi asibiti. Amma akwai abin da ban faɗa ba. Baba mata biyu gare shi. Ranar girkin Umma ana bin doka har ta wuce gona da iri, ranar girkin Anti kuwa tausayinsa take ji, sai ta yi masa waina da miyar taushe, ko ta dama masa kunun gyaɗa da suga ta ce ɗan kaɗan ba ya komai. Ni kuma ba ni da bakin yi mata magana.

Hajiya_Uwani
'Yata wannan ba maganar da za ki yi da bakinki ba ce, za a juya ta ta zama ta kishi. Ranar da za a je asibiti Yayanku ya ɗauki su biyun, su zauna gaban likita ko mai ba da shawarar abinci, su ji da kunnensu lokaci ɗaya. Manyan asibitoci irin na Malam Aminu Kano suna da sashen masu ilimin abinci, ku nemi a tura ku. Kuma shawarata a daina yi masa tukunya daban. Mu a gidanmu da Alhaji ya kamu, na mayar da girkin kowa iri ɗaya: mai ya ragu, ganye ya ƙaru, lemon kwalba ya bar gidan. Shi dai nasa tuwon ne ƙarami. Namiji babba in ya ga ana ci da daɗi a tsakar gida shi an kai masa wani abu daban a kula kullum, zuciyarsa karyewa take yi. Sannan 'ya'yansa ma ai kuna cikin haɗarin gado, gyaran zai amfane ku.

Abu_Sumayya
Duk wannan wahala ce. Ku nemi garafuni da shuwaka da hulba, a tafasa ya riƙa sha safe da yamma, ya haɗa da zuma da habbatus sauda. Akwai mai magani a unguwarmu da yake warkar da suga gaba ɗaya cikin wata uku, mutane sun ajiye ƙwayoyin asibiti.

Zainab_Fagge
Abu_Sumayya don girman Allah kar ka sa wani ya ajiye maganinsa. Kawuna haka aka yi masa. Wani mai magani a mota da lasifika ya sayar masa da jarka, ya ce ya bar na asibiti. Ya bari. Ƙaya ce ta soke shi a ƙafa bai ma ji ba, kafin a farga wajen ya ruɓe, sai da aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Har yau in na tuna kuka nake. Wanda zai ci shuwaka a miya ya ci, ganye ne, amma ya riƙe maganinsa.

Abu_Sumayya
Allah ya ba shi haƙuri. Amma zuma fa Alƙur'ani ya ce akwai waraka a cikinta, wannan ba mai musu.

Malam_Idi_Zariya
Babu mai musun ayar, tana cikin Suratun Nahli, aya ta 69. Sai dai ayar ba ta ce kowane mara lafiya ya sha kowane adadi a kowace cuta ba, kuma malamai sun yi bayani a kan haka tun da daɗewa. Zuma kusan kashi 80 cikin 100 nata suga ne. Wanda likita masani ya gaya masa abu zai cutar da shi, kiyayewa ita ce bin addini. In ma sunna muke nema a wannan babi, ga hadisin da Tirmizi ya ruwaito cewa ɗan Adam bai cika wani mazubi mafi sharri daga cikinsa ba, in ya zama dole to kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Abin da Nas_Binta da Alhaji suke ta faɗa ke nan tun ɗazu.

Admin_Zaure
Tunatarwa: ba a tallan magani a nan, kuma ba a ba wa kowa shawarar barin maganin asibiti. A ci gaba da tattaunawa cikin mutunci.

Garba_Direba
Ni matsalata daban. Babbar mota nake ja Kano zuwa Legas, kwana da kwanaki a hanya. Faranti rabi ganye a ina zan same shi a tasha? Abin da ke akwai burodi da shayi, indomi, shinkafa, teba. Kuma maganar gaskiya kifi da nama kullum sai mai hali. Ana ba da shawara kamar kowa yana da kuɗi.

Maman_Walid
Wallahi Malam Garba ka faɗi gaskiya. Ga tsinken da ake sa wa na'urar awon suga ma tsada, wake ma yanzu ba na talaka ba ne.

Alhaji_Gwammaja
Garba, na yi fatauci kafin na zauna a kasuwa, na san hanya. Wajen mai shayi ka ce a soya maka ƙwai biyu da albasa da tumatir, burodin ka ci yanka biyu ka bar sauran, shayin kar a sa suga kuma kar a zuba madarar gwangwani mai kauri, ita da suga aka haɗa ta. Ka riƙa ajiye gyaɗa da dafaffen ƙwai da yalo a mota. Wajen mai abinci ka ce shinkafa da wake, waken ya fi yawa, a sa maka kabeji ko latas. Tsire da balangu ba su da laifi in ba kitse ba ne, gurasar ce za ka rage. A gida kuwa kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli da awara ai abincin talaka ne, kuma sun fi abin da masu kuɗi suke ci amfani. A dai ɗanɗana ƙulin, wasu suna sa masa suga.

Nas_Binta
Malam Garba, ƙari a kan na Alhaji, kai direba ne don haka ka san sunan maganinka. Metformin shi kaɗai ba kasafai yake faɗar da suga ƙasa sosai ba. Amma glibenclamide da allurar insulin suna iya yi, musamman in an sha an tsallake abinci. Alamominsa rawar jiki, zufa, jiri, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, ruɗewa. In ka ji haka ka faka motar nan take. Ƙasa da 70 a na'ura faɗuwa ce. Ka sha ƙaramin cokali uku zuwa huɗu na suga a ruwa ko rabin ƙaramar kwalbar lemo, ka jira minti 15 ka sake aunawa, in ya dawo ka ci abinci. Don haka suga ƙullin leda ya zauna a aljihunka kullum, yaron motarka ma ya san da shi. Wanda ya suma kuma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti za a kai shi.

Ummu_Hanifa ke ma ki duba wannan, tunda kin ce Baba yana ture abinci. Idan yana kan irin waɗannan magunguna, rashin cin ma haɗari ne.

Bakatsine
To ɗanwake fa? Tunda wake ne ai sai a ci a ƙoshi.

Hajiya_Uwani
Sunan ne kawai na wake. Na sayarwa yawanci garin rogo da fulawa sun fi waken yawa. In a gida za a yi, a sa wake ya rinjaya, a yanka kabeji da tumatir da kokwamba da ƙwai a kai, man kaɗan. Alale ya fi shi, musamman na gwangwani da aka turara. Ƙosai ma yana da kyau sai dai man da yake sha, ga shi da wuya a ci shi ba koko.

Sadiq_Lab
Na koma kan saƙon farko. Ni a ganina lemon nan da Baba yake sha a kasuwa ya fi shinkafar illa nesa ba kusa ba. Ƙaramar kwalba ɗaya yawanci tana ɗauke da suga sama da gram 30, kusan ƙaramin cokali takwas, kuma ruwa ne, nan da nan yake shiga jini. Su malt da mutane suke kai wa mara lafiya dubiya su ma haka suke, kowa ya karanta jikin kwalbar. Zoɓo da kunun aya na sayarwa kuwa ba ka ma san adadin da aka zuba ba. In za a ci nasarar abu ɗaya a kansa a wannan watan, a ci ta lemon. A dafa masa zoɓo a gida da citta da kanumfari ba suga, a sa a firji ƙanenki ya tafi masa da shi.

Maman_Walid
Maganar tsinken awo da na yi, akwai dabara? Ba za mu iya kullum ba.

Sadiq_Lab
Wanda ba ya kan insulin ba lallai sai kullum ba, likita zai faɗi yadda ya dace. Amma tsinken da kike da shi ki kashe shi inda zai koya miki wani abu. Ki auna kafin ta ci tuwo, ki sake aunawa bayan awa biyu, ki rubuta abin da ta ci da yawansa. Wani makon ki yi da shinkafa da wake, wani da fura. A hankali za ki san abin da jikinta yake ɗauka, don ba kowa ne iri ɗaya ba. Ki tafi da littafin asibiti.

Dan_Maradi
Azumi fa? Tsohuwa ba ta yarda ta sha ko ɗaya, kuma da dabino da kunu take buɗe baki.

Malam_Idi_Zariya
Allah ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185. Likita ne zai ce wannan zai iya, wannan ba zai iya ba. A je masa tun watan Sha'aban ko kafin nan, don sau da yawa sai an canja lokacin shan magani da adadinsa.

Nas_Binta
Haka ne Malam. Wanda aka yarje wa kuma, in ya auna da rana ya ga ƙasa da 70 ko sama da 300, ko ya ji alamomin da na lissafa, ya karya azumin. Dabino ɗaya ko biyu da ruwa ya isa buɗe baki, a jinkirta sahur, a sa wake ko ƙwai a ciki.

Ummu_Hanifa
Na karanta duka, har na tura wa Yaya. Ya ce ranar Litinin zai kai Baba asibiti tare da Umma da Anti kamar yadda Hajiya_Uwani ta ce. Yau da dare na roƙi Umma ta yi tuwon dawa miyar kuɓewa da kifi, aka sa masa malmala ɗaya da kwaɗon zogale a gefe. Ya cinye, har ya tambaya ko likita ne ya canja doka. Lemon ne ban san ta inda zan ɓullo masa ba, don in na yi magana zai gane ƙanena ne ya faɗa.

Alhaji_Gwammaja
Ki bar wa likita wannan. Yayanku ya ɗan raɗa masa kafin su shiga, shi zai tambaye shi da kansa. Kuma a ce masa ya riƙa takawa zuwa masallaci mai ɗan nisa bayan cin abinci, tafiyar minti goma zuwa sha biyar tana saukar da awo, na gani a jikina.

Bakatsine
Ni dai har yanzu ban gamsu a kan fura ba. Gero ba a surfa sosai ba, ga nono, a ce ta fi tuwo ɗaga suga?

Hajiyar_Jos
Bakatsine ka sayi tsinke biyu ka gwada a kan mai ciwon, ka dawo ka ba mu labari. Ni tambayata mangwaro, ga lokacinsa ya kusa kuma maigida ba ya haƙuri da shi.

Nas_Binta
Hajiya, ƙarami ɗaya ko rabin babba, a sha shi yadda yake, kar a matse a yi lemo, kuma kar a haɗa shi da tuwo a zama ɗaya. Gwaba da gwanda sun fi sauƙi. In ya sha ki auna bayan awa biyu ki gani.